Tun Daga SS1 Ake Neman Jami'a: Jagora Ga Iyaye Da Ɗaliban Babbar Sakandare A Abuja

Wata ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar rajistar JAMB, wani bawan Allah ya yi sallama a ofishina, 'yarsa na biye da shi. Direban motar haya ne da ke jigila tsakanin Zuba da Gwagwalada. Ya zaro takarda daga cikin leda, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya bi ta da tafin hannu don ta miƙe. Sakamakon WAEC ne na yarinyar, kuma sakamako ne da kowane uba zai yi alfahari da shi. Ya ce, "Malam, lauya take son zama. An ce mana wai ba za a ɗauke ta ba. Don Allah duba mini, a ina ta faɗi?"

Na bi darussan da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi. Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Turanci B2, Gwamnati B3, Ilimin Addinin Musulunci A1, Lissafi ma ta ci. Amma a cikin darussa taran nan babu Adabin Turanci. Na ce, "Yarinya, me ya hana ki ɗaukar Adabi?" Ta sunkuyar da kai ta ce lokacin da suka shiga SS1 makarantarsu ba ta da malamin darasin, sai aka ce su ɗauki wani a madadinsa, kuma ba wanda ya faɗa musu cewa karatun lauya ba ya yiwuwa sai da shi. Uban ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To Malam, yanzu shekara uku ta tafi ke nan?" Ba duka ta tafi ba, amma guda ɗaya ta tafi, domin sai da yarinyar ta zauna ta karanta littattafan Adabin daga farko, ta rubuta jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, sannan ta sake neman gurbi.

Shekarun da na yi ina ba ɗalibai shawara sun nuna mini cewa yawancin yaran da ke rasa jami'a ko rasa kwas ɗin da suke so, matsalarsu ta faro ne tun makon farko na SS1, lokacin da aka cike wata 'yar takardar zaɓen darussa cikin gaggawa, iyaye ba su gan ta ba, ko sun sa hannu ba su karanta ba. Mu kuwa sai a SS3 muke farkawa, mu shiga neman malamin lesin da littattafan tambayoyin baya. Wannan jagorar na rubuta ta ne don uba da uwa da ɗalibi su san ƙa'idojin tun da sauran rana.

Wa ke da makarantar, wa ke shirya jarrabawar

Bayan shekara shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, yaro yana rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen JSS3, kuma ita ce tikitinsa na shiga babbar sakandare. A Abuja makarantu iri uku ne. Akwai na Hukumar Birnin Tarayya, waɗanda Hukumar Ilimin Sakandare ta birnin ke kula da su a ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Akwai makarantun haɗaka na Gwamnatin Tarayya, irin su kwalejin Kwali, ta Rubochi, ta 'yan mata a Bwari da Abaji, ta maza a Apo, da kwalejin fasaha ta Orozo. Sai kuma masu zaman kansu, daga manyan da ke Maitama da Asokoro har ƙananan da ke lungunan Kubwa, Lugbe, Nyanya da Dei-Dei. Makarantun haɗaka BECE ta hukumar NECO suke rubutawa, su kuwa na Birnin Tarayya Cibiyar Albarkatun Ilimi ta birnin, wadda aka fi sani da ERC, ita ke shirya musu tasu.

Wanda ke zaune a Mararaba ko Masaka ya tuna cewa makarantar unguwarsa a ƙarƙashin Jihar Nasarawa take, na Madalla da Suleja kuma Jihar Neja, ko da kuwa kullum a Wuse yake yini. Wannan yana da tasiri a ranar da aka tashi sauya wa yaro makaranta.

Tambaya ta farko ga duk makarantar kuɗi ita ce: kuna da lambar cibiya ta WAEC da NECO da sunanku? Wasu ba su da ita. Idan yara suka kai SS3 sai a kwashe su a kai su wata makaranta a yi musu rajista a can, takardar shaida ta fito da sunan makarantar da yaro bai taɓa zama a ajinta ba. Ka nemi a nuna maka lambar a rubuce, ka kuma tambayi ko Sashen Tabbatar da Ingancin Ilimi na Birnin Tarayya ya amince da makarantar.

Zaɓen fanni, inda maganar take

Manhajar babbar sakandare hukumar NERDC ce ke tsara ta, kuma hedikwatarta tana nan Sheda, a kan hanyar Lokoja. Ɗalibi yana rubuta darussa takwas ko tara a jarrabawar ƙarshe. Wasu dole ne ga kowa, sauran kuma ya danganta da fannin da ya shiga: kimiyya, ko fannin adabi da zamantakewa wanda yara ke kira "at", ko kasuwanci. A manhajar da aka fara aiki da ita a 2011, darussan dole su ne Turanci, Lissafi, Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, da darasin sana'a guda ɗaya daga cikin 34. A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage nauyin darussa, ta kawo darasin fasahar zamani da wani sabon darasi da ya haɗa tarihin ƙasa da zama ɗan ƙasa, ta kuma mayar da sana'o'in zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Saboda ana cikin sauyi, ka tambayi makaranta ƙarara: ajin ɗana a kan wace manhaja zai rubuta jarrabawarsa, tsohuwa ko sabuwa?

Yadda ya kamata a yi zaɓen shi ne daga ƙarshe a dawo farko. A zaunar da yaro a tambaye shi abin da yake son karantawa, kada a tsaya a guda ɗaya, a nemi biyu ko uku. Sai a buɗe kundin JAMB da ke bayyana sharuɗɗan kowane kwas a kowace jami'a, yana nan kyauta a shafin hukumar na intanet, a duba abu biyu: darussan da ake buƙata a sakamakon sakandare, da darussa huɗun da za a rubuta a jarrabawar share fagen shiga jami'a. Daga nan ne za a cike takardar makaranta.

Mai son likitanci, haɗa magunguna ko aikin jinya, dole ya riƙe Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, ukun nan duka, tare da Turanci da Lissafi. Na sha ganin yaron da ya ajiye Fiziks saboda malamin yana da zafi, ya ɗauki Aikin Gona a gurbinsa, sai a ranar rajistar JAMB ya gane ya rufe wa kansa ƙofar asibiti da hannunsa. Mai son injiniya yana buƙatar Lissafi, Fiziks da Kemistiri, kuma idan makarantar na koyar da Lissafi Mai Zurfi da Zanen Fasaha, ya ɗauka. Ba lallai jami'a ta tambaye su ba, amma duk wanda ya zauna ajin farko na injiniya a Zariya ko Minna ya san bambancin wanda ya taɓa ganin kalkulas da wanda ranar ce ganinsa na farko. Ilimin kwamfuta ma da Lissafi da Fiziks ake shigarsa, ba da iya latsa waya ba. Mai son lauya, Adabin Turanci shi ne ginshiƙi, sai a haɗa da Gwamnati ko Tarihi da ilimin addini. Akanta da harkar banki da tattalin arziki kuwa, Lissafi da Ikonomiks ne ƙashin bayansu.

Akwai abin da nake roƙon iyaye a kai. Mun ɗauki fannin kimiyya tamkar ajin masu ƙwaƙwalwa, sauran kuma na waɗanda suka rage. Uba zai zo ya tsaya kai da fata sai an sa ɗansa a kimiyya, alhali sakamakon yaron na ƙaramar sakandare ya nuna Lissafi da Kimiyya ne suka fi ba shi wahala, Turanci da Tarihi kuwa yana tashi da su kamar wasa. Shekara uku yaron zai yi yana jan ƙafa, ya fito da D7 a Kemistiri, ba likita ba lauya. Da an bar shi inda Allah ya buɗe masa, da ya wuce salin alin. Makarantu masu tsari suna duba makin BECE, su yi wa yara gwajin basira, sannan malamin shawara ya gana da iyaye. Idan makarantar ɗanka ba ta kira ka ba, kai ka je.

Sannan kada a raina Hausa da Larabci. Darussa ne cikakku a WAEC da NECO da JAMB, kuma ana yin digiri a kansu a Jami'ar Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da suka tashi a Abuja, da yawansu suna jin Hausa a gida amma ba sa iya rubuta ta, ba su san inda ake sa ƙ da ɗ ba. Yaron da aka koya wa ƙa'idar rubutu da nahawu da adabi tun SS1, kiredit ɗin Hausa yana kusa da hannunsa, ya kuma tsira da harshen iyayensa.

Dokokin cikin gida

Kowace makaranta tana da littafin dokoki, kuma yawancin iyaye shafin kuɗin makaranta da na kayan sawa kaɗai suke dubawa. Shafukan da suka fi muhimmanci suna tsakiya.

Na farko shi ne wa'adin sauya darasi. Makarantu da yawa suna ba da 'yan makonni a zangon farko na SS1 don wanda ya ga bai dace da fanninsa ba ya koma wani. Daga kimiyya zuwa adabi yana da sauƙi ko da an ɗan yi nisa, amma daga adabi zuwa kimiyya bayan shekara guda wahala ce babba, domin Kemistiri da Fiziks gini ne, bulo a kan bulo. Ka san ranar da ƙofar ke rufewa.

Na biyu, makin aikin aji. Sakamakon kowane zango ana haɗa shi ne daga gwaje-gwajen tsakiyar zango, jinga, aikin ɗakin gwaji, da jarrabawar ƙarshe. Yara suna wasa da waɗannan ƙananan gwaje-gwajen, suna cewa ai ba su ne WAEC ba. To, su sani WAEC tana karɓar makin aikin aji daga makaranta tun na SS1, kuma kashi 30 cikin 100 na sakamakon ƙarshe daga nan yake fitowa, jarrabawar da ake zama a babban ɗaki ita ke da kashi 70. Wannan ne ya sa sauya makaranta a SS3 yake da haɗari. Yaro ya taho, makinsa na shekara biyu yana can inda ya baro, sabuwar makaranta ba ta da abin da za ta tura. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ya tabbatar ya karɓo takardar canjin makaranta da cikakken sakamakon kowane zango, mai hatimi da sa hannun shugaban makaranta, kafin ya ɗaure kaya.

Na uku, sharaɗin wucewa aji na gaba. A makarantu masu kishin sakamakonsu, yaro ba ya wucewa daga SS2 zuwa SS3 sai ya ci Turanci da Lissafi da manyan darussan fanninsa. Idan aka ce ɗanka ya maimaita aji, na san zafin abin. Sau da yawa uba yakan fusata ya cire yaron ya kai shi inda za a ɗauke shi a aji na gaba ba tare da tambaya ba. Ni dai shawarata ita ce a bar shi ya maimaita. Gara shekara ɗaya a cikin aji, da malami a gabansa, a kan shekara uku yana zaune a gida yana bin jarrabawar masu zaman kansu ta Nuwamba ɗaya bayan ɗaya.

Game da zuwa makaranta a kan lokaci, wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa da safe ya san abin da nake nufi. A jadawalin makarantu da yawa Lissafi da Turanci ne ke zuwa da sassafe. Yaron da kullum sai ƙarfe tara yake isa, darussan da ya fi buƙata su yake rasawa. Makaranta matsakaiciya kusa da gida ta fi masa shahararriya da sai ya hau mota uku.

Ka kuma shiga ɗakin gwaje-gwaje da ƙafarka. Kada ka yarda da hoton da ke jikin takardar talla. Ka duba ko akwai ruwa a famfo, ko kwalaben sinadarai na da abu a ciki, ko madubin ƙara girma na aiki. A jarrabawar Kemistiri za a ba yaro bututun gilashi mai ma'auni, ya riƙa ɗiga asid a hankali cikin kwalba yana kaɗa ta, idonsa a kan ruwan, har ya ga ɗigon da ya sauya launin, ya karanta ma'aunin daidai da tsayin idonsa, ya maimaita har sau uku. Hannun da bai saba ba rawa yake yi, ruwan ya zarce, lissafin duka ya lalace. Wannan ba a koyonsa a kan allo.

Mene ne kiredit

WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999 take da hedikwata a Minna, duk ma'auni ɗaya suke amfani da shi: A1, B2, B3, C4, C5, C6, sannan D7, E8 da F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an wuce, amma jami'a ba ta ƙirga su. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Kalmar "da suka dace" ita ce ake tsallakewa. Kiredit bakwai ba su da amfani ga mai neman likitanci idan Fiziks ba ya ciki. Zama biyu kuma yana nufin haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar haka a likitanci da wasu kwasa-kwasan da ake rububinsu, sai zama ɗaya.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba dole ba ne ga masu neman kwasa-kwasan adabi, sannan ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da rubuta Lissafi a jarrabawar gama sakandare. Na ji yara suna murna sun huta. Kada ɗanka ya saki Lissafi saboda wannan. Yau yana son Tarihi, gobe yana iya son Ikonomiks, kuma inda masu nema suka fi guraben yawa, mai cikakken sakamako ake fara dubawa.

Idan da hali, a yi wa yaro rajistar WAEC da NECO duka biyun. Ta farko ana yin ta ne wajen Mayu da Yuni, ta biyun ta biyo baya, kuma ɗaya takan rufa wa ɗaya asiri. Abin da ya faru a 2025 ya isa misali. WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen duba wasu takardu, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ɗaliban makarantun Arabiyya da Islamiyya suna da hukumar NBAIS, na makarantun fasaha kuma NABTEB, kuma ana neman jami'a da sakamakonsu, sai dai a duba sharaɗin kwas ɗin da ake so.

Suna da shekaru

Wannan ƙaramin abu ne da ke jawo babban kuka. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ɗalibi yana tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar rajista, kuma sunan da ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa shi zai fito. Mu kuwa sunayenmu kowa da yadda yake rubuta su da boko. A takardar haihuwa Muhammad, a makaranta Mohammed, a NIN Muhammed. A'isha a nan, Aishatu a can. Wani sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata takardar kuma sunan garinsu. Ranar tantancewa a jami'a, jami'in da ke gabanka mutum uku yake gani a takarda, ba ɗaya ba. A SS1 za a zauna a jera takardar haihuwa, NIN, sakamakon BECE da rajistar makaranta, a tabbatar harafi da harafi, da ranar haihuwa, duk sun zo ɗaya. Idan da gyara a yi shi a lokacin, kafin layi ya yi tsawo a watan Janairu. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a adana shi kamar takardar fili, kada a yi amfani da na mai shagon intanet ko na maƙwabci.

Shekarun shiga jami'a 16 ne. An yi ta ce-ce-ku-ce a 2024 lokacin da aka ce za a mayar da su 18, daga baya aka tsaya a kan 16. A 2025 JAMB ta ce wanda bai kai ba sai ya ci aƙalla maki 320 kafin ma a duba batunsa a matsayin haziƙi na musamman. Don haka al'adar nan ta tsallakar da yaro daga aji biyar na firamare, ko yi masa rajistar WAEC yana SS2, ba ta da riba. Zai gama da wuri ya zauna jira.

JAMB da abin da ke bayanta

Hedikwatar JAMB tana nan Bwari, kuma an kafa hukumar a 1978. Tun 2015 jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta ake yi. Darussa huɗu ne, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Idan ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Na taɓa raka ɗalibaina wata cibiya, mun isa ana kiran assalatu, yara sun yi layi kowa da takardarsa a hannu, ana ɗaukar hoton yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da aka fito, wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai ya ce mini, "Malam, wallahi na san amsoshin, lokaci ne ya ƙare ina Kemistiri." Bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa biyu ba sai ranar. Ka tambayi makaranta sau nawa take yi wa yara gwaji a kwamfuta, kuma a yi wa yaro rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB, kuɗinta kaɗan ne a kan amfaninta. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024, alamar inda aka dosa ke nan.

Makin da ake sanarwa bayan taron shugabannin manyan makarantu, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda a sauka. Kowace jami'a da kowane sashe suna da nasu, kuma a likitanci da lauya ya ninka wahala. Jami'o'i da yawa suna haɗa makin JAMB da na tantancewarsu da darajar kiredit, ta yadda A1 ta fi C6 nauyi. A jami'o'in tarayya, kashi 45 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Saboda haka yaron da aka haifa a Garki amma asalinsa Katsina ko Jigawa ne, ya duba inda takardar ƙaramar hukumarsa za ta fi yi masa amfani kafin ya zaɓi jami'a.

Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, dole a je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafin ɗalibi. Yara da yawa sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda wannan mataki ɗaya. Gurbi kuma ta manhajar CAPS kaɗai yake fitowa tun 2017, ɗalibi ya shiga ya karɓa da kansa. Duk wanda ya ce zai samo maka gurbi ta bayan fage, ka sani sunan da bai bi ta JAMB ba yakan gamu da cikas ranar tafiya hidimar ƙasa. Wanda bai samu ba a shekarar yana da hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko JUPEB, ko Kwalejin Ilimi ta Zuba, daga nan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Masu kai 'ya'yansu makarantun da ke bin manhajar Ingila ko Amurka su tambaya tun farko ko yaran za su rubuta WAEC tare da IGCSE ko SAT. Canjin kuɗi na iya juyawa, biza na iya ƙin fitowa, kuma yaron da zai yi jami'a a gida sai ya bi ta JAMB kamar kowa.

Saura magana ɗaya da ba zan iya tsallakewa ba. Akwai cibiyoyin da ake kai yara a bayan gari, a biya kuɗi a rubuta musu amsa a allo. Wasu iyayen da kansu suke biya, suna ganin taimako ne. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke na cibiya gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Ko an tsira daga wannan, na ga yaran da suka shiga jami'a da A1 a Lissafi aka kore su a shekarar farko, suka dawo gida da kunyar da ta fi ta faɗuwa WAEC. Uban da ya saya wa ɗansa sakamako ya koya masa darasin da zai bi shi har ofis da kasuwa.

Ya kai uba, ya ke uwa, idan ɗanku yana JSS3 ko ya shiga SS1 a bana, ku ware rana ɗaya a makon nan ku je makarantar. Ku nemi ganin takardar darussan da ya zaɓa, ku ɗora ta kusa da sharuɗɗan JAMB na kwas ɗin da yake so, ku tambayi malamin ajinsa ko kowane darasi a cikinta yana da malami, ku duba yadda aka rubuta sunansa a rajista. Idan ba ku iya karanta Turancin ba, ku tafi da wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. Ku je tun takardar tana hannun malamin aji, kafin ta wuce ofishin jarrabawa.